Maigidana Yana So Mu Tare A Jirgin Ruwa A Ingila, Ga Hunturu Na Tafe

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a nan Jos, shekaruna 31, 'ya'yana biyu, mace 'yar shekara shida da namiji ɗan shekara biyu. Maigidana ma'aikacin jinya ne, shekararsa biyu yana aiki a wani asibiti a Birmingham, a Ingila. Alhamdu lillahi bizarmu ta fito, an sa tafiyarmu farkon Oktoba. Ina cikin murna sai ya kira ni ya ce ya fasa kama gidan haya, domin haya za ta cinye kusan rabin albashinsa. Wai ya samu jirgin ruwa na sayarwa, irin dogayen nan da mutane ke zama a ciki a hanyoyin ruwan garin. Tsawonsa ƙafa 57, ƙirar 1998, kuɗinsa fam 38,000. Ya turo min bidiyo, gaskiya cikinsa ya yi kyau, ga kicin, ga banɗaki, ga murhun ɗumama ɗaki. Yana da fam 20,000 a hannu, zai ci bashin wani abu, ya kuma roƙe ni in sayar da filin da na gada a Rantya da sarƙar gwal ɗina in cika masa. Da na tambaye shi inda za a ajiye jirgin, sai ya ce ba sai an biya kuɗin tasha ba, duk sati biyu za mu riƙa matsawa gaba. Yana aikin dare sau uku ko huɗu a sati. Ni ban iya iyo ba. Mahaifiyata kullum kuka take, tana tuna haɗarin kwale-kwale da ake ji a Neja da Kebbi. Surukata kuma ta ce mace bin mijinta take yi ko ina ya sa ƙafa. Shi kuma cewa yake ai ni 'yar Jos ce, sanyi ba baƙona ba ne. Anti, bawan Allahn nan ya sha wahala shi kaɗai a can, ba na so in kashe masa gwiwa, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Yaya zan yi?

Maman Biyu, Jos

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya alheri a wannan biza, ya kai ku lafiya. Bari in fara da abin da ya fi damun ki, don kada ki karanta sauran da faɗuwar gaba: kada ki sayar da filin nan yanzu, kuma kada ki yarda ku tare a jirgin nan a watan Oktoba bisa tsarin matsawa duk sati biyu. Wannan ba yana nufin maigidanki ya zo da shirme ba. Akwai iyalai masu ƙananan yara da ke zaune a irin waɗannan jirage shekara da shekaru cikin rufin asiri. Sai dai galibinsu sun fara ne a lokacin zafi, sun san ƙasar, kuma akwai babba fiye da ɗaya a gida da dare. Ku kuwa abubuwa uku ne za su haɗu muku lokaci guda: baƙuwar ƙasa, baƙon muhalli, da baƙon yanayi.

Ki yi wa Abban yara adalci a zuciyarki. Mutumin da ya shekara biyu yana zuba kuɗi a hannun mai gida kowane wata, ya ga babu abin da ya zama nasa, dole ya yi marmarin abin da zai nuna ya ce wannan nawa ne, nan zan sauke iyalina. Mai yiwuwa kuma a lokacin bazararsu ya ga jirgin, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, ruwa kwance, ko'ina kore shar. Duk wanda ya shiga irin wannan jirgi a watan Yuli sai ya so shi. Lissafin da ya yi na kuɗin haya ne, kuma lissafin gaskiya ne. Wanda bai yi ba shi ne na wanda zai kwana da yara a ciki ranar da yake asibiti, wato ke.

Tsoron Hajiya mahaifiyarki kuwa, ki kwantar mata da hankali ta fuska ɗaya. Hanyoyin ruwan nan ba kogi ba ne irin Kwara ko Binuwai. Haƙa su aka yi da hannu fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce don jigilar kwal da kayan masana'antu, ana ce musu kanal. Ruwansu a kwance yake, a wurare da yawa zurfinsa bai wuce ƙirjin babban mutum ba, kuma doka ba ta yarda jirgi ya wuce gudun mil huɗu a awa ba, kusan saurin mai tafiya a ƙasa. Jirgin na ƙarfe ne mai nauyin tan goma sha wani abu, kifewa ba ita ce barazanarsa ba. Abubuwan da ke cutar da mazauna jirgi daban ne: hayaƙin murhu, gobara, laima, da faɗawa ruwan sanyi daga bakin jirgi. Waɗannan ne ya kamata ku zauna a kansu.

Bidiyo yana faɗaɗa ɗaki. Faɗin irin wannan jirgi daga waje ƙafa shida ne da inci goma, ciki kuwa kusan ƙafa shida, wato idan maigidanki ya miƙa hannuwansa zai kusa taɓa bango biyu. A cikin ƙafa 57 ɗin nan, idan aka cire gaba da baya da wurin inji, abin da ya rage na zama bai fi ƙafa 40 ba. Ki lissafa: bai kai ɗaki biyu masu ƙafa 12 da 12 ba, an miƙe su kamar lungu, kuma a ciki ne kicin da banɗaki da gado da murhu suke. Ki tambaye shi gado nawa ne kafaffe. Yawancinsu gado ɗaya ne, sai kujerar cin abinci da ake shimfiɗawa da dare. Mutumin da ya dawo aikin dare ƙarfe takwas na safe yana neman barci, ga yaro ɗan shekara biyu da ruwan sama ya hana fita, tsakaninsu ƙyauren katako siriri. Wannan kaɗai yana iya haɗa ma'aurata faɗa.

Yanzu ga maganar sati biyu, wadda ita ce ƙashin bayan matsalar. Hukumar da ke kula da yawancin hanyoyin ruwan Ingila da Wales, Canal & River Trust, wadda ta karɓi aikin a 2012, tana ba da lasisi ga mai jirgin da ba shi da tashar dindindin, bisa wata doka ta 1995. Sharaɗin shi ne kada ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya, kuma tafiyar ta zama ta gaskiya, ba ya matsa bayan gada ya dawo ba. Hukumar tana sa ran zangon da jirgi zai ratsa a shekara ya kai mil 20 ko fiye, ma'aikatanta suna bin gaɓa suna rubuta lambar jirage, wanda ya gaza ana iya rage masa lasisi ko a hana shi sabuntawa. Tun Afrilun 2024 ma an ɗora wa masu irin wannan lasisi ƙarin kuɗi. To ki dubi 'yarki. A Ingila karatu wajibi ne daga shekara biyar, kuma da adireshi ake raba gurbin makaranta. Wannan satin kuna tafiyar minti goma daga makaranta, wata biyu gaba kuna buƙatar bas biyu, cikin duhu, da ƙaninta a keken turawa a kan gaɓa mai taɓo. Daga Nuwamba zuwa Maris kuma hukumar tana rufe wasu sassan hanya don gyara. Matsar da jirgin kansa aiki ne: inda ƙasa ta yi tudu akwai ɗakunan ruwa masu manyan ƙofofi da ake cikawa ko a zubar don jirgi ya hau ko ya sauka, a tsakiyar Birmingham akwai guda 13 a jere a Farmer's Bridge. Mutum ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana buɗe ƙofa. Wa ke riƙe da yaran?

Ruwan sha a tanki yake, kuma tankin irin wannan jirgi yakan ɗauki lita 400 zuwa 700. Mu ce 500, wato jarka 20 irin ta 'yan ga-ruwa. Mutum huɗu, ko da kowa ya tsaya a jarka ɗaya a rana har da wanka da alwala da wanke-wanke, kwana biyar ya ƙare. Injin wanki kuwa yakan sha lita 40 zuwa 50 a wanki ɗaya. Babu mai turo miki kura ƙofar gida. Jirgin ake kunnawa a kai shi bakin famfon hukuma a ja tiyo a cika. A daren da sanyi ya sauka ƙasa da sifili famfon yakan daskare, wani lokaci kanal ɗin kansa ya yi ƙanƙara jirgi ya kasa motsi kwanaki. Shi ya sa masu zama a jirgi ba sa barin tanki ya sauka ƙasa da rabi a hunturu, kuma suna ajiye jarka biyu cike a ciki.

Banɗaki ya fi wannan nauyi, kuma ba zan yi miki kara ba. Iri biyu ne. Akwai mai babban tanki da ake kai jirgi a zuƙe da inji a biya kuɗi. Akwai mai ƙaramin tanki kamar akwati, lita 17 zuwa 20, da ake zarowa a ɗauka a kai wurin zubarwa na musamman. Turawa biyu sukan cika shi a kwana biyu ko uku. Mu da muke tsarki da buta, mutum huɗu, kwana ɗaya ya isa. Idan ya cika nauyinsa ya kai kilo 20. Ki hango kanki ƙarfe huɗu da rabi na yamma a watan Disamba, gari ya riga ya yi duhu, maigida yana barcin shirin aikin dare, akwati ya cika, wurin zubarwa yana da nisan tafiyar minti ashirin. Ko ki bar yara, ko ki ja su a bakin ruwa. Wannan ba abu ne na sau ɗaya a wata ba.

Batun cewa ke 'yar Jos ce, na san da ƙauna ya faɗa, amma sanyin ba ɗaya ba ne. Sanyinmu na Disamba da Janairu busasshe ne, da asuba ya sauka wajen digiri 10 ko ƙasa kaɗan, kafin azahar rana ta buɗe an cire rigar sanyi an shanya kaya sun bushe. A Birmingham a watan Janairu, da rana tsaka ma yakan tsaya wajen digiri 6 ko 7, da dare ya kusanci sifili ko ya wuce ƙasa, kuma jiƙaƙƙen sanyi ne mai yayyafi. Ƙarshen Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya. Zuwa ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas na safe, kafin huɗu na yamma an yi magariba, hasken bai cika awa takwas ba. Azahar da la'asar da magariba duk suna shigowa cikin awa huɗu.

Abin mamaki, cikin jirgi yana iya yin ɗumi fiye da wasu gidajen haya, domin wurin ƙarami ne. Sai dai ɗumin yana hannun mai kula da wuta. Murhun ƙarfe ne mai bututu da ya fita ta rufi, ana zuba masa kwal marar hayaƙi ko busasshen itace, domin tun Mayun 2023 an hana sayar da kwal ɗin gida na gargajiya a Ingila. A tsakiyar hunturu, idan wuta ba ta mutuwa dare da rana, ki sa ran buhu biyu zuwa uku masu kilo 25 a sati. Kullum a kwashe toka, kusan kowane wata a share bututu. Jikin murhun yana zafin da zai sale fatar yaro nan take, kuma a kan hanyar wucewa yake, don haka shingen ƙarfe kewaye da shi dole ne. Ƙarshen jirgin da ke nesa da murhu, inda gado yake, yakan kasance da sanyi sai in akwai na'urar ɗumama mai aiki da dizal da ke tura ruwan zafi cikin bututu.

A nan ne zan roƙe ki ki buɗe kunne sosai. Kin san labaran da muke ji na iyalin da suka kwana da kaskon gawayi a ɗaki ko janareto a baranda, aka wayi gari ba su tashi ba. Iska ɗaya ce, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. A jirgi tana fitowa daga murhun da igiyar da ke toshe gefen ƙofarsa ta lalace, ko gilashinsa ya tsage, ko bututunsa ya toshe, ko daga bokitin toka mai zafi da aka ajiye a ciki, ko hayaƙin inji da janareto. Tun Afrilun 2019 ƙararrawar gano wannan iska ta zama wajibi a jiragen da ake kwana a ciki. Ku sa aƙalla biyu, ɗaya kusa da murhu, ɗaya daidai kan mai barci, a haɗa da ƙararrawar hayaƙi, a danna maɓallin gwaji duk sati. Akwai ƙananan tagogin iska a ƙofa da rufi. Baƙo idan ya ji iska mai sanyi tana shigowa, abu na farko da yake yi shi ne ya cusa tsumma. Kada ki taɓa yin haka. Idan ku duka kuka tashi da ciwon kai da jiri, kuka ji sauƙi da kun fita waje, ku fice, ku bar ƙofa a buɗe, ku kira 999, lambar agajin gaggawa.

Laima ita ce abokiyar gabar da ba ta hutawa. Jikin jirgin ƙarfe ne yana zaune cikin ruwan sanyi, ciki kuma mutum huɗu suna numfashi. Duk kilo ɗaya na iskar gas da aka ƙona yana sakin ruwa fiye da lita ɗaya da rabi cikin iska, ban da tururin tukunya. Girkinmu kuma ba na minti goma ba ne, wake da tuwo da miyar da ke tafasa awa guda. Da safe za ki ga tagogi suna zubar da ruwa, ƙarƙashin katifa ya jiƙe, bayan kabad ya yi baƙin fumfuna, wanda ke tayar wa yara da tari da asma. Maganinsa a rufe tukunya, a buɗe taga lokacin girki ko da ana sanyi, a goge gilashi kowace safiya, a sa shimfiɗa mai ramuka ƙarƙashin katifa, a daina shanya a ciki. Na'urar tsotse laima tana aiki sosai, amma tana son wutar lantarki mai ɗorewa. Gas ɗin girki kuma ya zama irin da ake kira furofen, domin ɗaya irin, butan, yana daina fitowa idan sanyi ya kusanci sifili.

Wuta kuwa, kin riga kin san tsarin daga gida: batir, inbata, sola. Bambancin shi ne solar da ke wadatar da jirgi a watan Yuni ba ta kawo abin kirki a Disamba. Sai a kunna injin jirgi awa biyu ko uku kullum don cajin batir, kuma sharaɗin lasisi ya hana kunna inji ko janareto a inda aka tsaya daga takwas na dare zuwa takwas na safe. Batir na gargajiya idan ana sauke shi ƙasa da rabi yakan mutu da wuri, na litiyam kuma ba a cajinsa idan ya yi sanyi ƙasa da sifili. Idan batir ya mutu, ba fitila kaɗai ke ɗaukewa ba, famfon ruwa ma ya tsaya, firiji ya tsaya, na'urar ɗumama ta dizal ta ƙi tashi.

Sai ɗanki. Ruwan kanal a hunturu yakan sauka wajen digiri 5. Wanda ya faɗa, ko gwanin iyo ne, a minti na farko numfashi yake ƙwace masa ya shaƙi ruwa ba da niyya ba, ga kayan sanyi sun jiƙe sun yi nauyi, ga gaɓar a miƙe take babu wurin takawa. Bakin jirgi da gaɓa sukan yi santsi da raɓar ƙanƙara. Yaro irin naki ba ya leƙa waje sai da rigar kariya daga nutsewa daidai nauyinsa, mai igiya tsakanin cinyoyi, ƙofofi biyu kuma su samu sakata a sama inda hannunsa ba ya kaiwa. Ruwan ba na wasa ba ne, fitsarin ɓera yana sa masa ƙwayar cuta mai kawo zazzaɓi da taɓa ƙoda. Ke ma ki sa koyon iyo a gaba ko da a gidan bene kuka zauna, wuraren iyo da yawa a Birmingham suna ware lokacin mata zalla.

Mu dawo kan fili. Fili a Rantya yana zaune yana ƙara daraja ba ya cin komai. Jirgin ƙarfe yana cin kuɗi kullum, tsatsa kuma tana cin sa. Jirgin 1998 ba a sayensa sai an ciro shi daga ruwa gwani mai zaman kansa, wanda mai saye ya ɗauka ba mai sayarwa ba, ya auna kaurin ƙarfen da na'ura. Yawanci ana ƙera su da ƙarfe milimita 10 a ƙasa, 6 a gefe, 4 a ɗaki. Idan ramukan tsatsa sun cinye gefe ya koma ƙasa da 4, kamfanonin inshora da yawa ba sa ba da cikakkiyar inshora sai an yi waldar sabon ƙarfe, aikin dubban fam. Bayan saye akwai lasisin shekara, inshora, takardar shaidar lafiyar jirgi ta Boat Safety Scheme da ake sabuntawa duk shekara huɗu, da ciro shi duk shekara biyu ko uku a shafe gindinsa da baƙin fenti, kwanakin da ku kuma sai kun nemi wurin kwana. Bashin sayen jirgi ba irin na gida ba ne, kuɗin ruwan da ake ɗora masa yakan fi yawa, wannan ma abin tambayar malamai ne kafin a sa hannu. Sannan irin bizarku ba ta ba ku damar cin tallafin gwamnati, har da na muhalli. Idan jirgi ya lalace a watan Janairu, aljihunku ne kaɗai madogara. Filin nan shi ne abin da za ku jingina da shi ranar da abu ya ɓaci, ba naki kaɗai ba, har da shi.

Maganar surukarki gaskiya ce rabi. Mace tana bin mijinta, kuma ke ba ki ce ba za ki bi ba. Ɗaya rabin shi ne samar da muhallin da ya dace, mai aminci ga mace da 'ya'yanta, haƙƙi ne a kan miji, dukiyar gadonki kuma taki ce, bayarwa kyautatawa ce ba tilas ba. Amma kada ki shiga da wannan a matsayin makami. Ki zaɓi ranar hutunsa, bayan ya yi barci ya ci abinci, ki fara da gode masa. Ki ce, Abban yara, na ga ƙoƙarinka, ina so mu mallaki namu kamar yadda kake so, amma ka taya ni lissafin kwana ɗaya a watan Disamba da kake aikin dare. Sai ku bi shi awa-awa: wa zai kai yarinya makaranta, wa zai ɗauko kwal, wa zai zubar da akwatin banɗaki, wa zai tashi ƙarfe uku ya duba wuta, motar asibiti ta ina za ta same mu idan muna tsakiyar gaɓa babu lambar gida. Ma'aikacin jinya ne, ya ga abin da sanyi da hayaƙi ke yi wa yara. Idan tambayoyin suka fito daga bakinki cikin taushi, shi da kansa zai ga ramin.

Abin da na fi so muku shi ne ku yi hunturun farko a gidan haya, ko da ƙarami ne, ko da a gefen gari inda haya ta fi sauƙi muddin bas ko jirgin ƙasa yana kaiwa asibitinsa. A Ingila kuɗin ajiya da mai gida zai karɓa ba ya wuce hayar sati biyar, don haka kaɗan daga fam 20,000 ɗin nan ya isa ku shiga, sauran ya zauna. Ke ma bizarki ta ba ki damar aiki idan kin zauna da gindinki, albashi biyu yana canja lissafin haya gaba ɗaya. A cikin wannan hunturu ku riƙa zuwa bakin kanal ku gaisa da mazauna jirgi, musamman masu yara, yawancinsu ba sa ƙyashin bayani. Ku yi hayar jirgi na kwana uku ko sati a Nuwamba ko Fabrairu, ku kwana ku huɗu. Duk jirgin da za ku saya, ku je ganinsa da safe a watan Janairu, ku ɗaga katifa, ku shinshina cikin kabad, ku buɗe ramin inji ku ga ko ruwa ya taru. Idan bayan haka ku biyu kuna so, ku tare a Afrilu ko Mayu, ku samu wata shida na koyo kafin sanyi ya dawo.

Idan kuma ya kafe sai jirgi tun yanzu, to ga abin da ba za ki sauka daga kansa ba. A samu tashar dindindin wadda aka yarje wa mutane su zauna, a rubuce, kafin a biya kuɗin jirgi, domin tashoshi da yawa na ajiya ne kawai ba na zama ba, na zaman kuma suna da wuyar samu. Ta kasance da wutar lantarki ta gaɓa, wadda yawanci amfiya 16 ce, ta isa ɗaukar hita da na'urar tsotse laima, da famfo kusa, da wurin zubar da banɗaki, da adireshin karɓar wasiƙa. Akwai kuma izinin tsayawa wuri ɗaya na watannin hunturu da hukumar ke sayarwa, amma sau da yawa gaɓa ce kawai babu wuta, ba ta kai tashar zama ba. A haɗa da rahoton gwani, gado kafaffe na yara, da kuɗin hayar wata uku a ajiye ba a taɓawa. Idan ya haɗa kuɗin tashar da lasisi da kwal da dizal da biyan bashi, ya ajiye su gefen kuɗin haya, zai ga tazarar ba ta kai yadda ya zata ba. Idan ɗaya daga cikin yaran yana da sikila ko asma, to babu ma zancen jirgi, domin sanyi da laima suna tayar da duka biyun. Jinkirta tafiyarku zuwa bazara ma hanya ce, sai dai ki fara duba kwanakin da aka ba ku na shiga ƙasar, kuma ni ban so muku ƙarin rabuwa bayan shekara biyu.

Kada ki bari maganar ta zama ta Hajiya da surukarki, domin da zarar iyaye sun ja layi, shi zai ji janyewa kamar faɗuwa ce. Ki gaya wa Hajiya kin ji, kuna kan magana, ta taya ku da addu'a. Idan kina buƙatar mai sa baki, ki nemi wani yayansa ko amininsa da yake jin maganarsa, zai fi kyau wanda ya taɓa yin hunturu a Turai. Ki yi istihara, shi ma ki roƙe shi ya yi.

Ko ina kuka sauka, a satin farko ki yi muku rajista da likitan unguwa, a Ingila ba a buƙatar shaidar adireshi kafin a karɓe ku, ki tafi da katin rigakafin yara. Ki nemi gurbin makarantar yarinya ta hannun ƙaramar hukumar da kuke ciki. Ku fara shan bitamin D, maikirogiram 10 a rana, hukumar lafiyarsu tana ba masu baƙar fata shawarar su sha duk tsawon shekara saboda ƙarancin rana. Rigunan sanyi na kasuwar Terminus ta Jos za su yi amfani a ciki, amma babbar riga mai hana ruwa shiga da takalmin roba na yara ki bari sai kun isa ki saya. Takardun filinki ki damƙa wa Hajiya ta adana. Ki rubuto min bayan kun yi maganar da Abban yara, ina son jin abin da ya ce game da tashar.